Koci ko kwatabak: wa ya kayar da Ohio State a sakan 6 na ƙarshe?

Tambaya: Na kalli maimaicin wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i tsakanin Oregon da Ohio State na shekarar 2024. Saura sakan 6 a tashi, Will Howard, mai jefa ƙwallon Ohio State, ya ruga da ƙwallo ya zame ƙasa, lokaci ya ƙare, suka sha kashi da maki ɗaya tal. Abokina ya ce laifin yaron ne, ni kuma na ce na kocinsa ne. A irin wannan yanayi na ƙarshen wasa, ta yaya ake bambance kuskuren koci da na mai jefawa?

Amsa:

Ɗan'uwa, ka fi abokinka kusa da gaskiya, amma kada ka yi saurin zuwa ka ce masa ka ci gardama. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi duk lokacin da nake sake kallon irin wannan wasa. Abin da aka yanke shawararsa ƙwallo na ajiye a ƙasa, na koci ne. Abin da ya faru bayan an miƙo wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ƙwallon ta tsakanin ƙafafu, nasa ne. Sai kuma kashi na uku, wanda yawancin 'yan kallo ba sa lissafawa: abin da ya kamata a ce an koya wa yaron tun ranar Talata a filin atisaye, ba a tsaya faɗa masa ranar Asabar mutum dubu sittin na ihu a kansa ba. Wannan ma na koci ne, ko da kuwa hannun kwatabak ne ya aikata ɓarnar a gaban kyamara. Idan ka raba kurakuran ƙarshen wasa a kan waɗannan ukun, za ka ga kason koci ya rinjaya nesa ba kusa ba.

Dalilin yana cikin agogo. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa mun san lokaci a hannun alƙalin wasa yake, ya ƙara minti huɗu ko biyar, ya busa lokacin da ya ga ya cika. A ƙwallon Amurka agogo dukiya ce da ƙungiya ke kashewa ko adanawa da hannunta. Jifan da ba a cafe ba yana tsayar da shi. Fita waje da ƙwallo a ƙarshen wasa yana tsayar da shi. Idan kuwa aka kayar da mai ƙwallo a cikin fili, sai ya ci gaba da gudu. Kowane koci yana da damar tsayar da agogo sau uku a kowane rabin wasa, wanda zan kira hutun koci a nan. Akwai kuma ƙaramin agogo na sakan 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri (masu kai hari suna da yunƙuri huɗu don su ci yadi goma, in sun ci a ba su sabbin huɗu). Duk wannan lissafi ne da za a iya yi a kan takarda kafin ranar wasa, kuma manyan jami'o'i suna da ma'aikatan da ake biya don su yi shi. Kwatabak kuwa, daga miƙo masa ƙwallo zuwa lokacin da ƙattin da suka haura kilo 130 za su iso kansa, bai cika samun fiye da sakan uku ba.

To mu koma filin Autzen da ke Eugene, daren 12 ga Oktoba 2024. Oregon ta buga bugun maki uku, wato doka ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin sandunan ƙarshen fili, ta shige gaba 32 da 31, saura minti 1 da sakan 47. Howard ya ja 'yan wasansa har yadi na 28 na ɓangaren Oregon, wato saura yadi 28 su kai layin ci. Daga nan bugun maki uku zai kama yadi 45, domin a kullum sai ka ƙara yadi 17 a kan inda ƙwallo take. Bugu ne mai yiwuwa, amma ba na rufe ido ba. Nan ne shawara ta farko take, kuma ta kocin Ohio State Ryan Day ce da mai tsara masa hare-hare, Chip Kelly: a tura ƙwallo a ƙasa a matsa yadi uku ko huɗu, a yi amfani da hutun da ya rage, a buga? Ko a ci gaba da jifa don a ƙara matsawa sosai? Suka zaɓi jifa. Jeremiah Smith, wanda shekararsa ta farko ke nan a jami'a, ya cafe, amma alƙali ya ce ya ture mai tsaronsa. Aka mayar da su baya yadi 15, zuwa na 43, inda bugu ya fita daga lissafi.

Ban ga laifin neman ƙarin yadi ba. Mai bugun jami'a ba na ƙwararru ba ne, kuma kocin da ya taɓa ganin an zubar masa da bugun yadi 45 a wasa irin wannan ba zai sake natsuwa da shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya. Bayan hukuncin agogo ya ci gaba da gudu, Ohio State kuma ba ta yi gaggawar da ta dace ba, sakanni masu tsada suka zube a banza. Sanin cewa agogo zai tashi da zarar alƙali ya ajiye ƙwallo aikin mutanen bakin layi ne, wato koci da mataimakansa. Daga shekarar 2024 ma an amince wa manyan jami'o'i su sa na'urar magana a hular kwanon kwatabak, koci na iya yi masa magana a kunne har sai ƙaramin agogo ya kai sakan 15. Kalma ɗaya ta isa: yi sauri.

Sai aka zo saura sakan 10, yunƙuri na uku, ana neman yadi 25. Kocin Oregon Dan Lanning ya ɗauki hutu, da aka dawo sai ga 'yan bayansa 12 a fili maimakon 11. Howard ya jefa, ba a cafe ba, alƙali ya jefa tuta, aka ba Ohio State yadi 5. Amma sakan 4 sun tafi, kuma dokar lokacin ba ta ce a mayar da su ba. Wato Lanning ya sayi sakan 4 da yadi 5, ciniki mai riba ƙwarai ga wanda ke gaba. Da aka tambaye shi bayan kwana biyu, bai fito fili ya ce da gangan ne ba, bai kuma musanta ba. Abin da ya nuna shi ne suna ɓata lokaci mai yawa wajen atisayen irin waɗannan yanayi. Cikin makon hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta toshe kafar: yanzu idan 'yan baya suka yi haka a minti biyun ƙarshe, masu kai hari na iya neman a mayar da agogo inda yake. Ka ga a wannan daren koci guda ya zo da shirinsa tun daga gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga kason Howard. Saura sakan 6, ƙwallo a yadi na 38, hutun koci ɗaya a aljihu. Abin da ake nema a nan a bayyane yake: yadi bakwai zuwa goma cikin sakan huɗu ko biyar, a faɗi ƙasa, a tsayar da agogo, a buga. Howard ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, ya kutsa ta tsakiya, ya ci yadi 12, ya zame a na 26. Wuri mai kyau, bugun yadi 43. Sai dai agogo ya riga ya nuna sifili. Da ya zame taku biyu kafin nan, da mai bugu ya samu damarsa. Wannan kuskurensa ne, kuma ba zan wanke shi ba. Ba sabon shiga ba ne, shekararsa 23, ya buga shekara huɗu a Kansas State kafin ya zo Ohio State. Mutum irinsa ya kamata a ce yana ƙirga sakan a ransa tun daga miƙo ƙwallo: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙasa.

Amma dubi yadda aka zo wurin. Yaron da ya yi jifa 35 aka cafe 28 a wannan dare, ya tara yadi 326, shi aka bari da sakan 6 a hannu alhali ɗan lokaci kaɗan kafin nan yana da ninkin haka sau huɗu. Da ba a yi sakaci da agogo bayan hukuncin Smith ba, wannan gudun nasa da zamewar, a daidai yadda ya yi su, da sun wadatar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ka matsa mini in raba, zan ce kashi biyu na bakin layi, kashi ɗaya na Howard. Hotonsa yana zaune a ƙasa shi ya zagaya intanet, saboda kyamara ba ta iya ɗaukar hoton sakan da aka bari ya zube.

Akwai wasannin da babu ma gardama a cikinsu. Ranar 7 ga Oktoba 2023 Miami tana gaba da Georgia Tech 20 da 17, ƙwallo a hannunta, saura sakan 33, Georgia Tech ba ta da sauran hutu ko ɗaya. Yi lissafin da kanka: ƙaramin agogo sakan 40 ne, babban kuma saura 33. Kwatabak ya karɓi ƙwallo ya durƙusa sau ɗaya, an tashi. Kocin Miami Mario Cristobal da mutanensa suka ce a ruga da ƙwallo. Ta suɓuce daga hannun Donald Chaney, ko da yake masu kallo da yawa sun ga kamar gwiwar hannunsa ta taɓa ƙasa kafin nan. Georgia Tech ta ɗauka, ta ci yadi 74 a yunƙuri huɗu, Haynes King ya jefa wa Christian Leary daga yadi 44, aka tashi 23 da 20. Abin lura a nan shi ne kwatabak ɗin Miami, Tyler Van Dyke, bai yi wasan kirki ba a ranar, sau uku ana cafke masa jifa. Wani zai ce ai da bai yi haka ba da wasan bai matse ba. Gaskiya ne, amma duk waɗannan kurakuran an riga an tsallake su, nasara tana tafin hannu. Cristobal da kansa ya amsa cewa durƙusawa ya kamata su yi. Abin da ya ƙara fusata mutane shi ne ya taɓa yin makamancin haka a 2018 yana Oregon, a wasa da Stanford, ƙwallo ta suɓuce wa CJ Verdell, Stanford ta rama sannan ta ci 38 da 31 a ƙarin lokaci.

Wanda na fi so in kawo wa masu irin tambayarka shi ne wasan ƙarshe na gasar SEC, ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, na 1 ga Disamba 2012, domin shi ne ya fi wuyar yankewa. Alabama 32, Georgia 28. Kwatabak ɗin Georgia Aaron Murray ya jefa wa Arthur Lynch, Georgia ta isa yadi na 8, saura sakan 15, babu hutu. Tazarar maki huɗu ce, don haka bugun maki uku ba shi da amfani, sai an ƙetara layin ci. Zaɓi biyu ne: a dankara ƙwallo da ƙasa da gangan don agogo ya tsaya a numfasa, ko a yi sauri a jefa kafin 'yan bayan Alabama su daidaita. Murray ya juya bakin layi yana nuna a dankara, aka ce masa ya ci gaba. Ya jefa zuwa kusurwa inda Malcolm Mitchell yake, C.J. Mosley na Alabama ya yi tsalle ya taɓa ƙwallon, ta faɗo gajere, Chris Conley na Georgia ya cafe a yadi na 5 ya faɗi cikin fili. Agogo ya cinye sauran. Alabama ta wuce ta lallasa Notre Dame 42 da 14 ta ɗauki kofin ƙasa.

Wa za ka kama? Murray ya yi abin da aka sa shi, kuma wurin da ya nufa daidai ne, domin jifan kusurwa ko dai a ci ko ya fita waje agogo ya tsaya. Kocin Georgia Mark Richt yana da hujja: idan ka dankara, ka ba kocin Alabama Nick Saban lokacin canza mutane da tsara baya. Conley kuwa tun yana yaro ake koya masa cewa ƙwallon da ta zo hannunka ka riƙe ta. Ni dai da ni ne da na dankara, kuma ba don tsoron Saban ba. Dalilina shi ne wannan ɗan numfashi na sakan ashirin ko talatin shi ne kaɗai lokacin da za a iya tara yaran a ce musu duk ƙwallon da ba ta kai gidan ci ba, a doke ta ƙasa, kada a cafe. Shawarar Richt ba wauta ba ce, amma ta ɗora wa 'yan wasa nauyin tuna abin da ba a ba su lokacin tunawa ba. Wannan shi ne kashi na ukun da na faɗa a sama.

Haka na LSU da Ole Miss a 2009, wanda har yau ake yi wa Les Miles, kocin LSU na lokacin, gori a kai. LSU tana baya 25 da 23, mutanen bakin layi suka bar sakan 17 suka wuce kafin su ɗauki hutu. Dogon jifan kwatabak ɗinsu Jordan Jefferson ya faɗa hannun Terrance Toliver daf da layin ci, saura sakan 1, sai Jefferson ya dankara ƙwallo da ƙasa, lokaci ya ƙare. A ido, kwatabak ne ya yi abin dariya. A zahiri, yaro ne ɗan shekara 19 da aka bari a fili babu wanda ya shirya masa abin da zai yi idan jifan ya yi kyau.

Kada wannan ya sa ka ɗauka kwatabak ba ya da nasa zunubin. Akwai abubuwa uku da babu kocin da zai iya shiga fili ya hana: yarda a kayar da kai da ƙwallo a hannu lokacin da ya kamata ka wurgar da ita waje, jifa gajere cikin fili babu hutu a hannu, da tura ƙwallo cikin cunkoso alhali bugun maki uku ya ishe ku. Sai dai sakamako yana ɓoye su. A wasan kofin ƙasa na Janairun 2018, cikin ƙarin lokaci, kwatabak ɗin Alabama Tua Tagovailoa ya yi ta ja da baya har aka kayar da shi, Alabama ta yi asarar yadi 16, ta kusa fita daga inda za ta iya buga bugun ramawa. Wannan kuskure ne tsantsa na kwatabak. A yunƙuri na gaba ya jefa wa DeVonta Smith daga yadi 41, aka ci Georgia 26 da 23, kowa ya manta. Da jifan bai yi ba, da an wayi gari ana cewa Saban ya yi ganganci da ya cire Jalen Hurts a hutun rabin lokaci ya sa ɗan shekarar farko.

Colt McCoy na Texas ma haka, a wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta Big 12 na 2009 da Nebraska. Texas tana baya da maki biyu, tana inda za ta iya bugu, tana kuma da hutu. McCoy ya karɓi ƙwallo saura ƙasa da sakan goma, ya yi ta gangarawa dama kamar mai lokaci, Ndamukong Suh na bin sa, sannan ya cilla ta sama zuwa waje. Agogo ba ya tsayawa don ƙwallo ta ƙetare layi a iska, sai ta taɓa wani abu. Ya nuna sifili, 'yan Nebraska suka fara murna. Da aka duba bidiyo aka mayar da sakan 1, Hunter Lawrence ya buga daga yadi 46, Texas ta ci 13 da 12. Kuskuren McCoy da na Howard kusan tagwaye ne, kuma kocin Texas Mack Brown ma ya riƙe hutunsa yana kallon agogo na gudu. Bambancinsu ƙasa da sakan ɗaya ne. Ɗaya ya tafi wasan kofin ƙasa, ɗaya ya kwana ana zaginsa.

Wani abin da ya sa nake sassauta wa kwatabak na jami'a fiye da na NFL, gasar ƙwararru, shi ne lokacin koyo. Dokar NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako na atisaye da sauran ayyukan ƙungiya a lokacin gasa, kuma yanzu da sauya sheƙa ya yi sauƙi, da yawansu watanni kaɗan suka yi da sanin kocinsu. Howard kansa wasansa na shida ke nan da rigar Ohio State a daren Eugene. Dokokin agogo su ma suna canzawa: daga 2023 ya daina tsayawa idan an ci yadi goma sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, a 2024 kuma aka shigo da tsayawar saura minti biyu irin ta ƙwararru. Wanda ake biya miliyoyin daloli a shekara, yana da mataimaka goma da masu nazari a ɗaki sama da fili, shi ya kamata ya haddace waɗannan.

Idan za ku sake kallon wasan kai da abokinka, kada ku fara daga sakan 6. Ku koma lokacin da ƙwallo ta isa yadi na 28, ku sa ido a kan agogon da ke ƙasan allo maimakon ƙwallo, ku riƙa tsayar da bidiyon bayan kowane yunƙuri kuna tambayar wa ke da ikon tsayar da agogo a nan, me ya sa bai yi ba. Za ku ga inda sakannin suka tafi tun kafin Howard ya ɗaga ƙafa.

Ƙungiyoyin biyu sun sake haɗuwa a Rose Bowl ranar 1 ga Janairu 2025, da kocin nan dai da kwatabak ɗin nan dai a ɓangaren Ohio State. Ta ci 34 kafin Oregon ta samu maki ko ɗaya, aka tashi 41 da 21. Ranar 20 ga watan ta doke Notre Dame 34 da 23 ta ɗauki kofin ƙasa, kuma Howard aka zaɓa gwarzon masu kai hari na wasan.